Injin da Japheth Ya Cire

Ranar da Japheth ya cire injin motar nan, yamma ce irin ta kullum a Samaru. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, 'yan acaɓa na ta kwasar ɗalibai a bakin titi, matarsa Sarah tana tuƙa tuwo a bakin ɗakin girki, hayaƙin itace ya kwanta a tsakar gidan ya ƙi tashi. 'Yarsu Tabitha, ita kaɗai Allah ya ba su, tana zaune a bakin ƙofa da littafi a cinya, ba karatun take ba, ubanta take kallo tana dariya.

Motar kuwa tsohuwar motar tsere ce mai kujera biyu, dogon hanci, jiki ƙasa-ƙasa, rufinta na tanti ya daɗe da ruɓewa. Wani Bature malamin jami'a ne ya bar wa mahaifin Japheth ita, saboda shi ya yi masa kuku har ya koma ƙasarsu. Tun daga lokacin take ajiye ƙarƙashin mangwaron gidan. Ko kaji ba sa hawa kanta, akuya ma kewaye ta take yi, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili.

Shi Japheth malamin firamare ne. Alli ya sani, sifana kuwa sai dai ya gani a hannun wasu. Amma a shekarar dubu biyu da huɗu Tabitha ta shiga ajin ƙarshe a sakandare, shi kuma ya ɗauki alkawari da bakinsa cewa ranar da ta gama, a cikin motar nan zai ɗauko ta, iska na kaɗa mata ɗankwali, duk Samaru su gani. Ya tafi Sabon Gari wurin abokinsa Uzoma mai sayar da kayan gyaran mota, ya aro sifanoni da sarƙar ɗaga inji. Uzoma ya ja masa kunne sosai: duk notin da ya kwance ya mayar da shi kan ƙusarsa, duk wayar da ya zare ya ɗaura mata zare ya san mahaɗinta. Japheth ya yi dariya, ya ce mutumin da ke riƙe sunayen yaran aji guda cur a kansa, noti ne zai gagare shi? Haka ya yi ta kwancewa yana watsawa cikin robar wankin Sarah, manya da ƙanana, dogaye da gajeru, duk wuri guda.

A yammacin nan ya riga ya cire lagireto da salansa da kafireto. Ya rataya sarƙar a reshen mangwaro, ya ɗaure injin, ya fara ja. Injin ya ɗan motsa, ya tsaya. Ya leƙa da tocila, ya ga wata waya mai kauri tana riƙe da shi ta ƙasa. Daidai lokacin aka fara kiran sallar magariba a masallacin bayan layi. Sarah ta leƙo ta ce masa ya bari sai da safe, ba a taɓa abin da ya daɗe a ajiye da magariba. Bawan Allah bai ji ba. Ya ɗauko zarto ya yanke wayar.

Injin ya fito a lokaci guda, ya yi lilo, ya daki gindin mangwaron, sarƙar ta zame, ya faɗo ta gefe a kan ƙasa. Baƙin mai ya malalo mai kauri da wari. Sai gidan ya yi tsit. Kukan gyare ya ɗauke, ƙarar titi ta ɗauke, har ganyen mangwaron ya daina motsi.

Tabitha ta ce, "Baba, yaran waye ke kuka?"

Babu yara a gidan. Japheth ya saurara, ya ji shi ma, siririn kuka daga cikin ƙarfen da ke kwance a gabansa. Ya ce mata mage ce, ya kora ta ɗaki.

Washegari da magariba duwatsu suka fara. Ba daga waje ake jefo su ba, daga sama suke saukowa a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Maƙwabta suka zagaya gidan da sanduna, ba su ga kowa ba. Da aka ɗauki dutse guda aka ji shi da ɗumi, yana warin baƙin mai. Bayan duwatsun sai muryoyi, ƙasa-ƙasa, daga cikin ramin da injin ya bari a gaban motar, kamar mutanen da aka kora daga gida suna shawarar inda za su kwana. Kullum da faɗuwar rana haka, sai an yi sallar isha'i abin ya lafa.

Tabitha ta daina cin abinci. Yarinya mai surutu, wadda ubanta ke cewa da rediyo aka haife ta, ta koma zama shiru tana kallon bango. Rana na sunkuyawa sai ta tashi ta fita, ta durƙusa kusa da injin tana shafa shi, tana magana da wani harshe da ba Hausa ba, ba yaren iyayenta ba. In uwarta ta kama hannunta sai ta ji shi sanyi ƙalau. In ubanta ya matso kuwa, sai ta juyo ta kafa masa ido har ya ja da baya. An kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce babu komai. Fasto Felix ya zo da matan zumunta, suka yi addu'a da waƙa har muryoyinsu suka dushe, tana zaune a tsakiyarsu ba ta ko ƙifta ido. Japheth ya rame. Ya daina zuwa makaranta, ya kan zauna a bakin ƙofa da hannuwa a kan gwiwa, yana kallon 'yarsa tana tafiya daga gare shi yana gani, ba shi da abin yi.

Sarah ce ta gaji. Ba ta shawarci kowa ba, ta yafa gyale ta hau mota zuwa unguwar Muchia, wurin wani dattijo Malam Haladu, wanda Musulmi da Kirista duk suka shaide shi a kan aikin iskokai. Ni dai ban ga laifinta ba. Ya biyo ta da la'asar, da 'yar jaka da carbi, ya zagaya motar sau ɗaya bai taɓa ta ba, ya dubi injin, ya girgiza kai. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da yarinyar, ya kunna turare ya fara karatu a hankali.

Ya daɗe yana karatu. Duhu ya fara shigowa, duwatsu suka fara, sai kuma suka tsaya. Tabitha ta ɗaga kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kaushi, mai gajiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ba ni na fara ba."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta jikin 'yar mutane. Ta ce sunanta ba nasa ba ne. Ta ce tun da Baturen ya tafi suke cikin ƙarfen nan, ɗakuna huɗu gare su, a nan ta haihu, a nan ta yi jikoki, ba su taɓa ko tsinke na gidan ba. Yarinyar nan ma tun tana rarrafe take hawa motar, su ke tare ta kada ta faɗo. Sai rana ɗaya, da magariba, suna cikin gida da yara, aka ɗaga gidan sama babu sallama babu a gafara, aka buga shi da ƙasa.

Japheth ya zube a kan gwiwa ya ce bai sani ba. Ta ce ai bai tambaya ba.

Malam ya shiga lallashi. Ya yi mata tayin tsamiyar da ke bakin rafi, ta ƙi. Ya yi mata tayin wani kango da babu kowa, ta ce ita ba 'yar kango ba ce. Ta ce an raba ta da ɗakinta, ita ma za ta raba su da tasu, za ta tafi da yarinyar. Sarah ta fashe da kuka. Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin Tabitha ya ɗauki rawa, tsohuwar ta yi ta nishi har ta ce a tsaya, ta ji.

"Ya mayar min da gidana. Da hannunsa, shi da ya cire, ban yarda wani ya taɓa ba. Yadda ya mayar min, haka zan mayar masa."

Malam ya yi ƙoƙari ta janye maganar ƙarshen nan, ya roƙa, ya tsorata, ta ce ta gama magana. Tabitha ta sulale a kan tabarma tana barci, barcin da ba a iya tashinta. Da Malam zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Japheth iya abin da ya samu ke nan, ya kula, irinsu ba sa ƙari kuma ba sa ragi.

Kai, wanda bai ga Japheth a kwanakin nan ba bai ga tausayi ba. Ya juye robar a kan buhu, notuka suka watse, duk kamarsu ɗaya a idonsa. Uzoma ya rufe shagonsa ya zo ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya, yana kwatance da baki, amma shi kansa bai taɓa ganin cikin irin motar nan ba. Injin ya ƙi shiga, sai an karkata shi; ya shiga, ya ƙi haɗuwa da giyar motar; ya haɗu, ramukan suka ƙi daidaita. Japheth ya sa doguwar ƙusa inda gajeriya take, ya kwance, ya sake. Yatsunsa suka fashe. Wayar da ya yanke ya murɗa bakinta biyu ya naɗe da leda. A ɗaki Sarah tana ɗiga wa Tabitha kunu a baki da cokali, tana leƙowa ta taga.

A ƙarshe komai ya koma, lagireto da salansa da kafireto, tiyo da wayoyi. Amma a kan buhun akwai ragowar notuka da 'yan ƙusoshi, ba su ma cika tafin hannu ba. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito, ya sake shiga, ya lalube kowane lungu da yatsa, bai ga ramin da babu komai a ciki ba. Tabitha kuwa numfashinta ya fara ja, cokalin kunun ma ba ya wucewa. Sarah ta fito ta ce masa yarinyar ba za ta kai gobe ba, ya rufe hakanan. Ya rufe gaban motar yana kuka, ya yi sallama, ya ce a gafarce shi, iyakar iyawarsa ke nan.

Magariba ta yi, dutse ko ɗaya bai faɗo ba. Aka ji wata iska mai sanyi ta fito daga ɗakin, ta ratsa tsakar gida, motar ta ɗan nutsa kamar an zauna a cikinta. Sai aka ji Tabitha tana kiran Mama, tana cewa yunwa take ji.

Ta ci tuwo, ta sha ruwa, ta yi dariyarta ta da. Ta gane uwarta, ta gane Uzoma, ta tambayi ƙawayenta da jarrabawarta. Japheth ya shigo, hannunsa duk baƙin mai, ya tsuguna ya kira sunanta. Ta gyara zaninta, ta gaishe shi da ladabi, ta dubi uwarta tana jiran a gaya mata ko wane ne.

An gaya mata. An nuna mata hotuna, ta ce ta gani, ta kuma ce to, don kada ran Mama ya ɓaci. Malam Haladu ya dawo ya yi karatu yini guda, babu wanda ya amsa masa, ya ce tsohuwar ta riga ta bar jikin yarinyar, babu wanda zai kira.

Har yanzu in gari ya waye Japheth na ƙarƙashin motar da ragowar notukan a aljihu, yana laluben inda suka fito. Ranar da Tabitha ta dawo daga jarrabawarta ta ƙarshe, a kan acaɓa, ta wuce ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙarƙashin motar, ta yi masa sannu da aiki, ta shiga ciki. Yana kwance ya ji muryarta daga ɗakin girki.

"Mama, a kai wa bakaniken nan ruwa mana. Tun safe yake nan, kuma ban taɓa ganin wani nasa ya zo nemansa ba."