Burtalin da Ya Ratsa Gonar Alhaji

Afra'u tana zaune bisa tabarma tana tsince wake, ƙaramin rediyo kusa da ita yana maimaita shirin da ta gabatar da safe, sai ga Inna, mahaifiyarta, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta kashe shi.

— Ke Afra'u! Mi kika je kika faɗi a gidan rediyon nan?

— Aikina kawai na yi, Inna.

— Aikinki! Daga wurin Hajiya Sahura nike, uwar yaron da za ki aura. Ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta ce kin tozarta mijinta a kunnen mutanen Dogon Dutsi duka!

Afra'u 'yar jarida ce a wani ƙaramin gidan rediyo na garin. Tun tana lakwal, wato makaranta, take zuwa ran hutu tana karanta sanarwar suna da ta ɓatan dabbobi. Da daraktan gidan rediyon ya ji muryarta ba ta rawa, shi ya ba mahaifinta shawara a kai ta Yamai, ta yi shekara biyu tana koyon aikin. Wanda za ta aura, Mu'awiya, mai ɗaukar hoto ne. Ya fara da hoton katin ɗan ƙasa a ƙofar meri, ofishin magajin gari, yanzu kuwa har jaridun Yamai suna sayen hotunansa. Saura wata biyu bikinsu.

Abin da ya faru shi ne, makiyaya sun kawo kuka cewa an toshe burtalin da shanunsu suke bi zuwa tabki, wajen Kore Mairuwa. Afra'u ta hau babur ta tafi, Mu'awiya ya bi ta da kamara. Suka tarar da gonaki huɗu sun cinye hanyar, an shinge ta da ƙaya. Mafi girma cikinsu ta Alhaji Dalhatu ce, babban ɗan kasuwar hatsi, mahaifin Mu'awiya. Duk da haka Mu'awiya ya ɗauki hotuna, suka kuma bazu cikin gari. Ita kuma ba ta ambaci sunan kowa a shirin ba, amma wa bai san gonar da ke gabas da tabkin ba?

Da la'asar Mu'awiya ya zo, suka tsaya a zaure. Idanunsa sun yi ja.

— Baba ya kafa sharaɗi. Ki koma rediyo ki ce kuskure kika yi, ni kuma in ce hotunan ba na gonarshi ba ne. In ba haka ba, ya ce a mance da maganar aure.

— Kai mi ka ce mishi?

— Na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce, Baba, in ka ce in aje kamara yau zan aje, amma ba ni iya cewa abin da idona ya gani ban gani ba.

Afra'u ta jingina da bango, hawaye suna zuba.

— Mu'awiya, bara a wani ƙauye na ga abin da toshe burtali ya jawo. Gawa uku na ƙirga da idona, har da yaron da bai kai goma ba. In na janye maganata, aka zo aka yi irin wannan a gonar Baba, da wane ido zan dube ka?

— Dakor, na yarda. Mu jira. Ko shekara nawa ne.

Ranar biki ta zo ta wuce shiru. Hajiya Sahura ta aiko aka ɗauke akwatunan lefe da rana tsaka, maƙwabta suna leƙe. Alhaji ya hana a kunna rediyo a shagonsa, ya daina amsa gaisuwar ɗansa, duk da haka kullum bayan sallar asuba Mu'awiya yana zuwa ya durƙusa. Ƙawayen Afra'u suka yi ta zuga ta.

— Haba ma chérie! Minti ɗaya ne fa gaban mikoro a rediyo, ki ce pardon, ki ba da haƙuri, ki samu mijinki!

Ita dai sai ta yi murmushi ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Ta rame, ko abinci sai Inna ta tsare ta.

Ana tsakiyar damina hukuma ta aiko aka auna burtalin, aka ba masu gonakin mako biyu su buɗe shi. Uku suka ce sai dai a zo a kama su. Alhaji Dalhatu kuwa, duk da fushinsa, mutum ne mai gudun haram. Da ya ga ma'aunin ya tabbata taku ashirin na gonarsa ba nasa ba ne, washegari ya ɗauki gatari da kansa ya sare shingen, geron da ya fara fitar da kai ya bar shi nan. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma sauko daga fushin ba.

Labarin ya kai kunnen Afra'u ta bakin makiyaya. Ta je ta gani da idonta, ta dawo ta zauna gaban mikoro. Wannan karon ta faɗi suna.

Ran kasuwa, Alhaji yana zaune cikin buhunan gero, sai ga wani dattijon makiyayi mai suna Sambo, da matarsa Hure ɗauke da ƙwaryar nono, mutane biye da su.

— Alhaji, mun ji a rediyo kai ne na farko da ya buɗe muna hanya. Samarinmu sun riga sun yi shirin kora shanu cikin gonakin, wannan magana ita ta tsayar da su. Bana in an yi girbi, a gonarka shanuna za su kwana su zuba maka taki.

— A rediyo? Wa ya faɗi?

— Yarinyar nan mana, wadda ta fara kai kukanmu.

Da mutane suka watse Alhaji ya kira Mu'awiya, ya ce ya kunna masa shirin a waya. Ya saurara har ƙarshe. Ba ta ƙara masa ko kalma ɗaya bisa abin da ya yi ba, ba ta kuma rage ba.

— Wata huɗu ina wulaƙanta ɗiyar mutane, ya ce a hankali. Da ta so, da ta yi shiru ba wanda zai zarge ta.

Bayan la'asar ya saka babbar riga, ya tafi gidansu Afra'u da ƙafarsa. Ta fito ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa.

— Baba, ku gafarce ni in na ɓata muku rai.

— Tashi ɗiyata. Ni ne mai neman gafara. Ran da na yi ba daidai ba kin faɗi, ran da na gyara kin faɗi. Irinki nike so cikin gidana.

Inna da ke bayan ƙofa ta fashe da kuka. Bayan girbi aka ɗaura auren, Afra'u kuma ba ta bar aikinta ba.

'Yan'uwa matasa, soyayyar da za a saye ta da ƙarya ba ta da amfani. Ku riƙe gaskiya a kan aikinku, ku riƙe ladabi ga iyaye ko suna fushi da ku, sannan ku yi haƙuri. Abin da Allah Ya rubuta naku ne zai iso gare ku, kanku a ɗage.