Nayebare da Maraƙarta Gaaju

Nayebare tana aji biyar lokacin da mahaifiyarta ta tafi garin Mbarara koyon aikin ungozoma. An ce shekara guda za ta yi. Ranar tafiyar, Maama ta kama hannunta ta kai ta garke. Ta nuna mata wata maraƙa ja mai farin goshi.

"Ga Gaaju nan," in ji Maama. "Daga yau taki ce. Ki kula da ita."

Da motar da ta ɗauki Maama ta tafi, gidan ya yi wa Nayebare faɗi. Mahaifinta, Taata, yana nan. Kakarta, Kaaka, ma tana nan. Amma babu mai tashin ta da safe yana cewa, "Naye, rana ta riga ki." Babu mai ƙara mata miyar man shanu a kan tuwon gero ba tare da ta roƙa ba.

Saboda haka kullum ta dawo makaranta, sai ta ajiye jaka ta nufi garke. Ta rungume wuyan Gaaju, ta ba ta labarin duk abin da ya faru a aji. Abin da take so ta gaya wa Maama, Gaaju take gaya wa.

Kaaka takan leƙo ta ce, "Ke da wannan ƙawar taki, wa ya fi wani surutu?"

"Ni ce, Kaaka. Ita sauraro kawai take yi."

Wata ranar Talata, Nayebare ta ga Gaaju tana ta goga wuyanta a jikin turke. Ta matsa kusa ta duba. Gashin wurin ya zube kamar faɗin tafin hannu. Fatar ta yi kauri, ta yi ɓawo fari-fari.

Nayebare ta tuna bara, da wata saniya ta kwanta ta kasa tashi. Mahauta ne suka zo da mota suka tafi da ita. Ba ta dawo ba.

"Ba zan faɗa wa kowa ba," ta raɗa wa Gaaju a kunne. "Ba wanda zai tafi da ke."

Ta debo jar ƙasa, ta kwaɓa da ruwa, ta shafe wurin. Launin ya yi daidai da na Gaaju. Kullum da safe kafin Taata ya shigo tatsa, sai ta sake shafawa. Ta kuma ɗauki buroshin da ake goge duk shanun da shi, tana sosa mata don ta ji sauƙi. In ta gama, sai ta mayar da shi inda yake.

Ranar Lahadi Maama ta kira a wayar Taata.

"Naye, yaya Gaaju?"

"Lafiyarta ƙalau, Maama." Muryarta ta yi ƙasa. "Yaushe za ki dawo?"

"Da saura, 'yata. Ki yi haƙuri."

Bayan mako uku, abin ya wuce wuyan Gaaju. Ya hau kafaɗa, ya sauka gindin wutsiya. Jar ƙasa ta daina rufewa. Gaaju ba ta kiwo sosai, sai susa. Haƙarƙarinta ya fara fitowa. Wasu shanun ma suka fara goga jiki a bishiya. Taata ya ɗauka kaska ce ta dame su.

Sai kuma Nayebare ta fara susa ita ma. Ƙuraje ƙanana suka feso mata a hannu, daga wuyan hannu har gwiwa.

A aji, Malama Tushabe ta tsaya da rubutu a allo ta dube ta.

"Nayebare, tun safe kike susa. Zo in gani."

Da aka tashi tara, Malama ta riƙe ta a aji. Ta juya hannayenta a hankali.

"Wani a gidanku yana da irin wannan?"

"A'a, Malama."

"To wace dabba kike runguma?"

Sai hawaye suka zubo wa Nayebare. Ta faɗi komai, har da jar ƙasar.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kina son maraƙar nan, na gani. Amma kin san maganin abin da ke damun ta?"

"A'a."

"To wa ya sani?"

"Likitan dabbobi."

"Yaya zai sani in ba a kira shi ba? Bayan an tashi, zan raka ki gida. Amma ke za ki yi magana, ba ni ba."

Sun sami Taata yana gyara shinge. Nayebare ta durƙusa a gabansa, ta faɗa masa. Taata ya ɗebi ruwa a bokiti ya shiga garke, ya wanke wuyan Gaaju. Ya daɗe yana kallon fatar. Sannan ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya. Bakwai ya samu da ciwon.

"Mako uku," in ji shi. "Mako uku kina kallona ina shiga ina fita."

"Taata, na ji tsoro ne kada mahauta su zo."

Taata ya sauke numfashi. "Waccan saniyar ƙashin bayanta ne ya karye, Naye. Ba ta da magani. Wannan yana da shi. Da kin tambaye ni."

Washegari likitan dabbobi ya iso a kan babur. Ya kankari ɓawon fatar ya zuba a 'yar kwalba. Ya ce ƙazuwa ce.

"Wasu ƙwari ne ƙanana ke kawo ta," ya yi wa Nayebare bayani. "Ido ba ya ganin su. Suna shiga cikin fata su yi gida. In saniya ta gogi 'yar'uwarta, sun ƙaura. In an yi amfani da buroshi ɗaya ko igiya ɗaya, sun ƙaura."

Nayebare ta sunkuyar da kai. "Buroshin ni ce."

"To yanzu kin sani. Da tun ranar farko aka kira ni, da maraƙa ɗaya zan yi wa allura in tafi."

Ya yi wa bakwai ɗin allura. Sauran aka yi musu feshi. Aka ƙone buroshin da tsofaffin igiyoyi. Likita ya ce a ware marasa lafiyar a wani shinge can bayan gonar ayaba. Ya ce kada a sha madarar waɗanda aka yi wa magani sai ya ba da izini. Ita kuma Nayebare aka kai ta asibiti, aka ba ta man shafawa. Aka hana ta taɓa Gaaju.

Kwanakin nan sun yi mata tsawo. Da safe ta ga Kaaka tana zubar da madara a rami. Shayin gidan ya koma baƙi. Taata ya tafi da ƙafarsa gidan maƙwabci, ya ce su duba nasu shanun, tunda wurin shan ruwansu ɗaya.

Amma abin da ya fi damun ta kukan Gaaju ne. An raba ta da uwarta, Siina, wadda ba ta kamu ba. Gaaju ta yi kuka daga bayan ayaba, Siina ta amsa daga garke. Haka suke yi tun safe har yamma.

Nayebare takan tsaya nesa da shingen, hannuwanta a baya. Gaaju ta miƙo baki ta tsakanin itatuwa tana neman ta.

"Ba zan iya ba," in ji Nayebare. "Na san yadda kike ji. Ni na jawo miki."

Ranar Lahadi da Maama ta kira, Nayebare ta karɓi wayar ta koma bayan ɗaki.

"Maama, na yi miki ƙarya. Gaaju ba ta da lafiya tun tuni."

"Taatanki ya gaya mini. Ina jiran in ji daga bakinki ne."

"Kin yi fushi?"

"Na yi, amma ya wuce. Me ya sa kika ɓoye?"

"Ke kin tafi. Ban so ita ma ta tafi."

Da Maama ta sake magana, muryarta ta canza. "Ni ma kewarki nake yi, Naye. Kullum. Nan gaba in abu ya dame ki, ki faɗa wa Taata ko Kaaka. Ko ki sa a kira ni, ko ba Lahadi ba."

Likita ya dawo bayan mako biyu ya sake allura. Susar ta ragu. Ɓawon ya fara zuba. Wata safiya Nayebare ta hango wani abu a wuyan Gaaju, ta ruga ta kira Taata. Sabon gashi ne, ƙanana masu laushi.

A mako na shida, likita ya duba su duka, ya ce sun warke. Taata ya dubi Nayebare.

"Je ki buɗe."

Ta zare itacen ƙofar, ta ware hannuwa tana jira. Gaaju ta fito a guje, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Sai garke. Ta cusa kai a jikin Siina, uwar tana ta lasar ta.

Kaaka ta yi dariya har da tafa hannu. "Ga ƙawar taki nan. Ko gaisuwa babu."

Nayebare ma ta yi dariya. "Ƙyale ta, Kaaka. Ni ma haka zan yi."

Sai can da Gaaju ta gama da uwarta, ta juyo ta zo ta ɗora kai a kafaɗar Nayebare.

Tun daga ranar, Nayebare ta gane cewa ɓoye ciwo ba ƙauna ba ce. In ka ga abin da kake so yana cikin matsala, ka gaya wa manya da wuri, ko da kana jin tsoro.