Hanyar da Ba Ta Cikin Taswira

Yammacin da aka fara jifan gidan Malam Sama'ilu, kaji sun riga sun shiga akurki, hayaƙin tuwo ya kwanta a kan gonakin dawa, ɗansa Dakta Abdulkabir yana tsugune da buta yana alwalar magariba. Sai kwanon rufi ya ce ƙwal. Gidan ya yi tsit. Wani abu ya sake faɗowa tsakar gida, ya mirgino har gaban butar. Gutsuren siminti ne, da jan fenti a jikinsa.

Abdulkabir ya san fentin nan.

Malamin tsara birane ne a jami'a. Da birni ya soma cinye gonakin bayan Bacirawa, sai aka haɗa kwamiti na malaman jami'a da ma'aikatan hukumar tsara gari, har da shi a ciki, don su fitar da tituna kafin gine-gine su cushe. Aiki ne mai kyau, kuma Dakta ya ji daɗinsa har ba ya gama cin tuwo bai ce "kwamitinmu" sau uku ba. A hoton da aka ɗauko daga sama, aka ga wani siririn fili tsakanin gonakin ƙauyensu, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, ba shuka ba gini. Farfesan da ke jagorantarsu ya ce titi ya samu, daraktan hukuma ya sa hannu.

Shi kuwa Abdulkabir tun yana yaro ya san ba a noma wurin, ba a ɗaure akuya, kuma duk mai tsallakawa sai ya yi sallama, domin hanyar mutanen ɓoye ce. To amma wa zai faɗi haka a ɗaki mai sanyin na'ura, a gaban masu tabarau? Ya ja bakinsa ya yi shiru. Aka kafa turakun siminti, aka shafa musu jan fenti.

Kwana uku ana jifa duk almuru. A na huɗu 'yar Abdulkabir, Zakiyya, mai shekara goma sha huɗu, ta ajiye tsintsiya ta miƙe. Ta tafi daga zaure zuwa katangar bayan gida, ta juyo, ta sake komawa. Haka ta yi ta yi, ido a kafe, ba ci ba sha sai an ɗura mata. Maza uku suka riƙe ta, ta watsar da su. Kafin mako ya zagayo tafin ƙafarta ya tsattsage, tana barin sawun jini a daɓe.

A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Abdulkabir ya je jami'a neman a janye titin, farfesa ya ce su shawara kawai suka bayar, sai ya ga hukuma. Ya je hukuma, darakta ya ce masana ne suka zana, su wa za su gyara wa masana? Duka biyun sun tambaye shi dalili, shi kuma dalilin ya ƙi fitowa daga bakinsa. Ya dawo gida ya zauna yana kallon 'yarsa tana kai da komo. Bai taɓa jin ilminsa ya yi masa rashin amfani kamar ranar ba.

Malam Sama'ilu ne ya aika garin Tofa aka ɗauko Malam Badaru, wani tsohon malami mai ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a kan buzunsa a daidai inda take bi, ya fara karatu a hankali. Rana na dab da faɗuwa, yarinyar ta tsaya cak. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai gajiya.

"Malam, kana ƙona ni."

"Ka ji tsoron Allah. Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Mu ma me muka yi? Sun ware wa kasuwa wuri, sun ware wa tasha, har matattu sun samu nasu. Mu aka kafa wa turaku a hanya." Kanta ya juya ga mahaifinta. "Wancan ya san mu. Yana yaro yana yi mana sallama. Muna jira ya buɗe baki, bai buɗe ba."

Abdulkabir ya sunkuyar da kai.

"Laifin uba ba ya halatta maka jinin 'ya," in ji Malam Badaru. "Ba za a yi maka yanka ba, ba za a ba ka komai ba. Fita."

"Ba na son yanka. A cire turakun, in tafi. In aka zuba kwalta a wurin, za ta yi ta tafiya har ƙafar ta ƙare."

"Allah gafarta Malam," in ji Abdulkabir, "titin ba ya sokuwa, sai dai a karkata shi. Kuma ba inda zai bi sai ta gonar Baba."

Gonar ke nan da Malam Sama'ilu ya gada daga kakansa, ita kaɗai ta rage masa. Tsohon yana tsaye a bakin rumbu. Ya daɗe yana kallon ƙafafun jikarsa.

"A bi ta gonar," ya ce.

Zakiyya ta yi atishawa sau uku, ta zube. Da ta farfaɗo, ruwa ta fara roƙo.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba, aka cire turakun aka karkata titin ta gonar, har farfesa ya yaba wa Dakta kan sadaukarwa. Motar share titi ta zo dawa ba ta ko nuna ba. Malam Sama'ilu ya tsaya a gefe da sandarsa yana kallon karan suna kwanciya.

A ranar ne darakta ya zo duba aiki. Da suka zo tsallake siririn filin nan, bakin Abdulkabir ya suɓuce.

"Salamu alaikum."

Darakta ya waiwaya, bai ga kowa ba. "Dakta, da wa kake?"

Abdulkabir ya dubi tsamiya, ya dubi mahaifinsa da ke kusa yana sauraro.

"Ba kowa, yallaɓai."

Tsohon ya juya ya nufi gida.