Kalmar da Abba Ya Miƙa

"Na... na... na z-zo gaishe ku!" Yaya ya dafe ciki yana dariya har da buga ƙafa a tsakiyar falo. "Wallahi Auta, mutumin nan naki kamar netwok ne lokacin ruwan sama, ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo!"

Auta tana durƙushe tana kwashe kofunan shayi. Baƙon bai daɗe da fita ba. Mai Zane ake ce masa, don aikinsa zana taswirar gidaje ne, kuma yau ne ya fara zuwa gaida Abba da maganar aurenta. Yana da in'ina tun yarinta, in kuwa ya tsorata sai harshen ya ƙara ɗaurewa.

"Ya isa haka!" Abba ya daka wa Yaya tsawa, sannan ya juyo gare ta. Mutum ne mai shagon kayan gini, wanda ko lebura ya yi nawa wajen sauke buhu sai ya ji a jikinsa. "Ni ba in'inarsa ce ta dame ni ba, Allah ne ya yi shi haka. Abin da na gani ne. Na tambaye shi yaya zai yi in ciwo ya kama ki, ke kika amsa. Na sake yi, ke kika amsa. To wa zan ba ki? Namijin da bakinsa yake hannunki? Gobe ciwo ya kama ki, wa zai yi wa likita bayani?"

"Abba, taimakonsa nake yi..."

"Ban amince ba! Kuma wannan taron marubutan na Asabar da kuka haɗu a cikinsa, daga yau an gama."

Da gudu ta shige ɗaki, ta faɗa kan gado tana kuka kamar ranta zai fita. Sai da ta yi mai isarta sannan ta kira Mai Zane a waya.

"Ka yi haƙuri, sun wulaƙanta ka."

"B-ban ji haushinsu ba, Auta. Amma da k-kin bari na ƙarasa, ina da amsa."

Maganar ta soke ta har ƙahon zuciya. Ita a ganinta rufa masa asiri take yi, ashe ita ce ta tsaya tsakaninsa da Abba.

Kwana da kwanaki tana bin Umma da magiya, har Umma ta samu Abba yana karyawa ta ce, "Ka je ka ga wurin da idonka mana. In ya so ka hana ta da hujja."

"Zan je," in ji Abba. "In gaya musu su daina ɓata wa 'ya'yan mutane lokaci."

Ranar Asabar da la'asar Yaya ya tuƙo su har ɗakin karatu na unguwa. A can ciki, bayan kantocin littattafai, akwai wani ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya da ke ƙara kamar za ta faɗo. An jera kujerun roba a da'ira. Mai Zane yana ganin Abba, sai ya miƙe ya ba shi tasa kujerar kusa da inda Auta ta zauna, shi kuma ya jawo benci ya zauna a gefensa.

Shugabar taron wata dattijuwar nas ce, mai gilashi a kan karan hanci, kowa Anti yake ce mata.

"Baba, sannu da zuwa. Amma a nan ba mu da ɗan kallo, duk wanda ya zauna a da'ira sai ya yi wasa."

"Ni magana ce ta kawo ni."

"Za mu saurare ka bayan zagaye ɗaya. Sarƙa sunan wasan. Kowa zai kawo ɗango ɗaya na waƙa, wato layi ɗaya. Kalmar da na gabanka ya ƙare da ita, da ita za ka fara. Yau kowane ɗango da 'ya' zai ƙare. Doka guda ce: ba a ƙarasa wa mutum ɗangonsa, ko da zai kai magariba yana nema. Wanda ya sa baki, waje!"

Abba ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Abin yara."

Anti ta gyara murya: "Na fito da safe ina neman hanya."

Wani tela mai tsokana, da tef ɗin awo har yanzu a wuyansa, ya cafe: "Hanya ta kai ni bakin rijiya."

Auta ta lumshe ido ta ce: "Rijiya na leƙa, sai ga sama, sai ga duniya."

Duk idanu suka koma kan Abba.

"Duniya..." Ya tsaya. "Duniya..." Ya gyara hula. Mutumin da yake juya direbobi da leburori da murya ɗaya, yau kalma ta maƙale masa a wuya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Babu abin da ake ji sai ƙarar fanka.

Yaya ya kasa daurewa. "Abba, ka ce duniya ta cika da tsadar siminti!"

"Siminti da 'ya' yake ƙarewa a makarantarku?" in ji tela. Ɗakin ya ɗauki dariya.

"Waje!" Anti ta nuna ƙofa.

"Haba Anti, siriyos? Mahaifina ne fa!"

"Ko kakanka ne. Ka raina shi ne da kake ganin ba zai iya ba?"

Yaya ya fita yana gunaguni, ya laɓe a bakin taga. Abba ya saci kallon mutanen. Babu mai duba agogo, babu mai murmushin mugunta. Mai Zane kuwa ya sunkuyar da kai yana jira, irin jiran wanda ya san zafin abin. Sai Abba ya ji ƙirjinsa ya saki. Ya dubi Auta, ya daɗe yana kallonta, sannan abin da ke cin sa ya fito da kansa:

"Duniya ta koya wa uba tsoron rabuwa da ɗiya."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ashe ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne.

Yanzu kalmar ta faɗa hannun Mai Zane. Ya ɗago kai ya dubi Abba ido cikin ido.

"Ɗ... ɗ... ɗi..."

Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Auta ta san abin da zai ce, ta ji kalmar tana yi mata tsalle a kan harshe. Ta cije leɓe, ta damƙe gefen mayafinta har yatsunta suka yi zafi. Ko uffan ba ta ce ba.

"Ɗi... ɗiya amana ce." Ya ja numfashi. "Z-zan riƙe ta da gaskiya."

Tela ya yi tsalle har kujerarsa ta kife. Tafi ya ɓarke, har Yaya daga bakin taga ya manta ya shiga yi. Abba ne kaɗai bai tafa ba. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ɗana, akwai tambayar da na yi maka a gidana ban ji amsarka ba. In ciwo ya kama ta, yaya za ka yi?"

Mai Zane ya ɗauki lokaci, kuma duk ɗakin ya ba shi. "Z-zan ɗauke ta in kai ta, Abba. Bakina ne yake j-jinkiri, ƙafata ba ta yi. In likita ya ƙi jira na, z-zan tsaya a gabansa har sai ya ji ni."

Abba ya miƙa masa hannu, ya riƙe bai saki ba. "Ka turo manyanka."

Auta ta faɗa jikin Anti tana kuka tana dariya a lokaci guda.

"To Baba," in ji Anti tana shafa bayanta, "maganar da ta kawo ka fa?"

Abba ya gyara zama ya naɗe hannun riga. "Ta wuce. A sake wani zagayen, wannan karon ni zan fara!"

Bayan damina aka ɗaura aurensu, Yaya ne ma ya fi kowa zirga-zirga. Auta ta samu wanda take so ba tare da ta saɓa wa iyayenta ba, kuma ba da yawan magana ta same shi ba, da shirun da ta daure ta yi ne. 'Yan uwana, ba kowane taimako ne yake ɗaga mutum ba, wani rufe shi yake yi. In kina son mutum da gaske, ki ba shi lokaci ya faɗi tasa da bakinsa. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa mutum hukunci, ku jira ya kai ƙarshen maganarsa.