Fuskar Mai Rai a Takardar Mamaci

Rumyana ta tsaya cak a gindin bishiyar ƙofar makaranta, hannun 'yarta Neda cikin nata, tana kallon fuskarta.

Tata ce, ba ta wata ba. An buga ta a farar takarda mai baƙin gefe da ɗan gicciye a sama, irin wadda ake liƙa wa mamaci. Daf da ita ga ta mijinta Petko, wanda ya faɗo daga gini a Sifen, ruwan sama ya koɗar da ita. Kafaɗa da kafaɗa suke kamar ranar aurensu.

"Mama..." Neda ta ja hannunta. "Kin mutu ne?"

"Ba ga ni ba? Wuce aji."

Sai da hazo ya haɗiye yarinyar sannan ta iya karanta rubutun. Ba sunanta ba ne, sunan makarantar ne: wai ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar 'ya'ya da jikoki, jana'iza ranar Asabar. To amma wa ke karanta rubutu a unguwar Lipite? Takardun rasuwa sun cika kowace bishiya da kowane ƙyaure, mutum fuska kawai yake kallo, ya yi alamar gicciye ya wuce.

Ta san da zancen takardar, don da ita aka yanke shi. Hukuma ta ce yara sun yi kaɗan, za a rufe makarantar. Iyaye sun yi zanga-zanga har sun gaji, sai shugabarsu Velichka ta kawo dabarar a yi wa makarantar jana'iza ranar da manya za su zo daga birni. Hoton gini aka ce za a sa. Ba wanda ya ambaci hoton mutum.

In aka rufe makarantar, Rumyana ta san ƙarshen zamanta ya zo. Ba za ta riƙa ɗora 'yar shekara bakwai a mota tana tsallaka dutse cikin ƙanƙara zuwa wata makarantar ba. Sai dai ta bi yayarta Sifen, ta bar Lipite, ta bar Zlatin.

Shi ne mai shagon buga takardu, kuma shi kaɗai ne a garin. Duk lokacin tunawa da Petko surukarta Baba Donka (a can tsohuwa ake ce wa baba) kan tura ta ta sabunta takardar, shi kuma ya dafa mata kofi, ya tambayi karatun Neda, ya kalle ta ya sunkuyar da kai. Mutum ne da sai ka yi da gaske kake ciro magana daga bakinsa, amma ta daɗe da sanin abin da ke ransa, don irinsa ne a nata. Baba Donka kuwa ko sunansa ba ta son ji. Ta ce mutumin da ke cin abinci da mutuwar mutane ba zai taka mata gida ba. Velichka ce ba ta ƙyamarsa, kullum tana hanyar shagon da farantin banitsa, gashin fulawa da cuku, mai zafi.

Yanzu ga abin da ya buga mata.

Kafin azahar unguwa ta canza mata. Mai burodi ya ƙi miƙa mata a hannu, ya ajiye a kan teburi ya ja baya. Tsofaffin da ke zama a benci suka yi tsit da ta doso, ba wadda ta amsa gaisuwarta. Da ta iso gida sai ta tarar da kwanon dafaffiyar alkama da sukari a bakin ƙofa, irin wadda ake rabawa don mamaci, ba ta kuma san wanda ya ajiye ba.

Baba Donka na zaune a kicin da baƙin ɗankwalinta, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗana ne ke kiranki," ta ce a hankali. "Ya ga inda idonki yake."

"Haba Mama, takarda ce fa."

"Shi ma takarda ce yanzu."

Rumyana ta fita ta bi layi tana yage takardun har farcenta ya yi jini. Washegari suka dawo, sun ma fi na jiya yawa. Har a ƙyauren gidajen da masu su suka yi hijira, inda ciyawa ta kai taga, fuskarta na can tana murmushi ita kaɗai. Tsoro ya shige ta na gaske. Sai ta riƙa taɓa kumatunta ta ji ko da ɗumi, ta riƙa yi wa Neda magana da ƙarfi don ta tabbatar ana jinta.

Da sassafen rana ta uku ta gan shi. Hazo ya rufe layin makaranta, ga Zlatin tsaye a gindin bishiya da bokiti da buroshi, tafinsa a kan fuskarta. Ya juya bai gan ta ba, ta bi shi a baya har shago, ta banka ƙofar.



Igiyoyi ne ya ɗaure daga bango zuwa bango, a kansu an shanya takardun fuskarta, jeri bayan jeri, suna ɗigar da ruwa. Iskar da ta shigo ta kaɗa su, duk suka juyo suna kallonta.

"Zlatin... me na yi maka?"

Ya ajiye bokitin, tururi na tashi daga ciki. Hannuwansa sun yi jajir. Da ƙyar ya yi mata bayani: Velichka ta kawo masa hoton ya ƙi, don ba ya sa mai rai a baƙin gefe, sai ta kai birni aka buga mata. Ita ke liƙawa, shi kuma ya bi da ruwan zafi yana ɓamɓarewa, amma ta fi shi sauri.

"To me ya sa ka shanya su?"

"Ba zan iya jefa fuskarki a shara ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ƙonawa kuma... hannuna ya ƙi."

Dariya da kuka suka zo mata lokaci ɗaya. Wannan wane irin mutum ne! Ta kama jajayen hannuwan nan ta riƙe, karo na farko.

"Rumi, raina," ya ce, "kada ki tafi Sifen."

"Ka hana su rufe makaranta, sai in zauna."

Da ta tare Velichka a hanya, matar ko kunya ba ta ji ba. Ta ce ai don makaranta ta yi, hoton gini ba ya sa kowa kuka, kuma bazawarar da ke makoki ita ta fi dacewa da baƙin gefe. Ta faɗa tana gyara jan-bakinta.

Abin da Velichka ba ta lissafa ba shi ne waya. Wani ya ɗauki hoton takardar daga nesa ya tura, rubutun bai fito ba, fuskar ta fito. Rumyana kuwa ta kashe wayarta tun ranar farko saboda tsoro.

Ranar Asabar da hantsi ta ji wani irin shiru a waje, shirun mutane da yawa. Ta ɗaga labule. Layin ya cika maƙil da baƙaƙen kaya. Abokan karatunta ne na wannan makarantar, waɗanda suka watse Sofia da Plovdiv da ƙasashen waje, ga yayarta can gaba ido ya kumbura. Kowa na riƙe da furanni biyu-biyu, adadin da ake kai wa kabari. Wasu sun ji gaskiya a hanya amma sun ƙaraso, wasu ba su ji ba. Ta tsaya a bayan labule tana kallon jana'izarta.

Baba Donka ta zo ta tsaya a gefenta. Ta daɗe tana kallon taron, sannan ta juyo ta kalli surukarta, irin kallon da ba ta yi mata ba tun ranar da aka kawo akwatin Petko.

"Ashe ke ma na binne ki," ta ce. "Fita, 'yata. Fita su gan ki."

Da ta buɗe ƙofa wata mata ta ƙwala ihu, yayarta ta zube a ƙasa. Aka yi ta taɓa ta ana kuka. Sai da ta samu numfashi sannan ta ɗaga murya.

"Ni dai ban mutu ba. Amma tunda kun zo da furanni, ga wadda za a binne can, ita ta koya mana karatu duka."

Haka ta ja su har harabar makaranta. Manyan da suka zo daga birni da niyyar ganin 'yan tsirarun iyaye suka tarar da filin ba masaka tsinke, kowa cikin baƙi. Shugabansu ya yi ta goge gumi cikin sanyin nan. Bai ce an fasa ba, ya ce an ɗaga shekara ɗaya, a ga ko yara za su ƙaru. Velichka ta karɓi tafi ta rusuna, Rumyana ta bar mata, don ba tafi ta zo nema ba.

Shekara ɗaya ba yawa ba ce, amma ta ishe su.

Ranar da aka koma makaranta a watan Satumba, Zlatin ya zo gidansu ta ƙofar gaba, cikin kwat ɗin da ta matse shi, ya sumbaci hannun Baba Donka. Tsohuwar ta harare shi sama da ƙasa ta ce ya yi aski kafin ranar aure a coci, ba za ta aurar da 'yarta ga bushiya ba. Sannan ta ɗauko kofin tagulla ta watsa ruwa a gaban Neda, yadda ake yi wa mai fara sabuwar hanya don ta tafi masa sumul. Yarinyar ta tsallaka da furanninta a hannu.

Saura rabin ruwa a kofin. Baba Donka ta kalli Rumyana, ta zuba shi a gaban ƙafafunta.

"Taka," ta ce. "Ba na son ki waiwayo."

Rumyana ta taka, hawaye na bin kumatunta, Zlatin ya miƙo mata hannu. Ba ta waiwayo ba, amma ta ji tsohuwar na kuka a bayanta har suka sha kwana.