Rabin Kitson Auta

"Anti, yau ki yi mini wanda ya fi kowanne kyau... daga shi ba zan ƙara wahalar da ke ba."

Hannuna ya tsaya cak a kan tsagar.

Auta ce zaune a gabana, ƙanwar Injiniya, mai gyaran wuta, wanda nake so kamar raina. Shekararta goma sha tara. Da can sai na ranƙwashe ta da matsefi take yin shiru, don surutu. Yau tun shigowarta shagona na kitso ko madubi ba ta kalla ba.

"Wace wahala? Tafiya za ki yi?"

"Uhm."

Ta cire 'yan kunnenta, waɗanda marigayi babansu ya saya mata, ta miƙo mini ta baya ba tare da ta juyo ba.

"Ki riƙe, Anti. Sun fi dacewa da ke."

Na karɓa, sai na tuna abin da aka koya mana.

Wata takwas kafin ranar, wata likita ta bi layinmu shago-shago. Dakta muke ce mata. Bincike suke yi a kan yadda za a gane mutumin da ya fara tunanin kashe kansa tun abu bai faru ba. Ta tara mu masu kitso goma sha biyu a wani ɗaki a asibiti.

Na ce, "Dakta, ni fa iyakata aji shida."

Ta yi dariya. "Ni minti goma nake samu da mara lafiya, yana kallon idona yana ɓoye mini. Ke kuwa awa uku kan mace yana hannunki, ta ba ki baya, ba ta jin nauyin idonki. Wa ya fi wani jin gaskiya?"

Abu uku ta koya mana. Ki yi tambayar ƙiri-ƙiri, ban da kwana-kwana. Kar ki yi alkawarin ɓoyewa. Kar ki bar ta ita kaɗai sai kin danƙa ta a hannun mai taimako. Ta ce tambaya ba ta shuka abin a zuciyar da babu shi, wadda take ɗauke da shi kuwa ƙofa kika buɗe mata.

Wannan aikin ne ya ja mini a wurin Mama, mahaifiyar Injiniya. Akwai 'yar ƙanwarta da ake kira 'Yar Gayu, wadda ta daɗe da sa ido a kan Injiniya. Ta ga ɗan littafin da nake jan layi a ciki duk lokacin da na tura wata wurin Dakta. Layi ne kawai, ko suna babu. Sai ta kai wa Mama cewa sirrin matan unguwa nake kwashewa ina kai wa asibitin mahaukata.

Mama ta ce wa ɗanta, "Duk ranar da mai kitson nan ta sa baki a harkar gidana, maganar aure ta mutu!"

To ga harkar gidanta zaune a gabana, kai a tsage.

Na tashi na saki labulen ƙofa. Na dawo bayanta na ci gaba da kitso. Na yi bismillah a zuciyata.

"Auta... kina tunanin kashe kanki ne?"





Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"Yaya aka yi kika sani?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na tambaya. Faɗa mini, ina jin ki."

Ta faɗa. Jarrabawa sau uku tana faɗuwa. Wata biyu ba barcin kirki. Abinci kamar ƙasa a bakinta. Kowa ta nufa sai ya ce ta yi haƙuri ta yawaita addu'a.

"Ina yi, Anti, wallahi ina yi! Amma nauyin ya ƙi sauka. Sai na ga kamar Allah ma fushi yake da ni. Na zame wa kowa kaya..."

"Ke! Mai zazzaɓi fushi ake da shi? Ciwo ne. Za mu yi addu'a, za mu nemi magani. Wanda ya ce a roƙe shi, shi ya saukar da maganin."

Ta juyo ta kama hannuna da ƙarfi.

"Ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Ba zan rantse ba."

"Mama za ta ce ke kika sa mini! Aurenki da Yaya zai lalace!"

Na sani. Na fi ta sani. Fuskarsa ta zo mini, da 'yar dariyar nan tasa da kallonsa ta ƙasan ido. Shekara biyu muna jira.

"Auren da za a ɗaura ba ke a wurin, ba na so. Zaɓi da kanki: wa za mu kira?"

Ta ce, "Yaya."

Na kira Injiniya, ko rabin awa ba a yi ba ya shigo, wayar wuta a naɗe a kafaɗa, hannu duk baƙin ƙura.

"Zuciyata, lafiya? Muryarki ta tsorata ni..."

Sai ya ga ƙanwarsa. Na ce ta faɗa masa da bakinta, ina riƙe da ita. Ƙato guda ya durƙusa a kan gashin da na tsefe ya zube a ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Autata... gida ɗaya muke kwana, ban gani ba?"

"Ba lokacin wannan ba ne," na ce. "Tashi ka samo mota."

Ina ɗaura mata ɗankwali ta ce, "Anti, kaina rabi ne fa."

"Na sani. Ni ban taɓa sallamar kai rabi ba, kuma ba a kanki zan fara ba. Kullum zan zo in yi miki guda biyu."

"Biyu kacal? Ai sai mu yi sati biyu!"

"To sai ki jira ni."

Dakta ta karɓe ta hannu biyu, aka ba ta gado. Muna tsaye a barandar asibiti sai ga Mama, 'Yar Gayu na biye da ita.

"Ke! Ke ce kika dubi 'yata kika yi mata wannan baƙar tambayar?"

"Ni ce, Mama."

"Ɗiyar da na tarbiyyantar da salla da azumi? Lafiya lau ta bar gidana!"

'Yar Gayu ta taɓe baki. "Ai na faɗa miki, Mama. Sai sun samu mahaukaci ake yaba musu."

"Mama, don Allah ki saurara..." in ji Injiniya.

"Rufe mini baki! Ko ni ko ita. Kuma kar in ƙara ganin ƙafarta a asibitin nan."

Ta shige ɗakin da aka kwantar da Auta. Ya juyo gare ni, ido jajur.

"Sahibata, wallahi ba zan iya rabuwa da ke ba."

"Za ka iya bin maganar mahaifiyarka. Yau ba ranar rigima ba ce. Yarinyar nan tana ganin ita kaya ce. In ta ji gida ya kama da wuta a kanta, me kake so ta ɗauka?"

"Ke fa?"

"Ni ina da Allah. Shiga ka zauna da ita."

Na faɗa da ƙarfin hali. Amma ina isa shago na rufe ƙofa na yi kukan da ban taɓa yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, na ce wa Auta kullum zan zo. Na kira Dakta na ce ta gaya mata ban manta ba, matsefina yana nan yana jiranta.

Kwana tara.

Ba kira, ba saƙo. Fankar shagona ta lalace, na ƙi kiran wani mai gyara. Na zauna cikin zufa, kwastomomi suna mita.

Rana ta goma da hantsi ina share gashi, aka yi sallama.

Auta ce. Ta rame, amma ta dube ni ido cikin ido. Ta zame ɗankwalin: rabin nan yana nan yadda na bar shi, ɗaya ɓangaren ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

"Inna lillahi! Ba wanda ya taɓa miki kai?"

"An yi an yi, na ƙi. Na ce mai shi tana nan."

Sai na ga Mama a bakin ƙofa. Ta shigo ta zauna a benci. Na gaishe ta har ƙasa, ta amsa a ciki. Na zaunar da Auta na fara warware cukurkuɗen a hankali.

Na yi guda biyu na ajiye matsefi.

"Sai gobe."

Auta ta yi dariya! Ƙarama ce, amma dariya ce.

Mama ta tashi. Na ɗauka tafiya za ta yi. Sai ta cire mayafi, ta cire ɗankwali, ga furfura fari fat. Ta zauna a kujerar da Auta ta tashi, ta ba ni baya.

"Tsefe mini. Ina da magana, kuma ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba."

Na ɗauki matsefi na fara.

"Na je kwaso wa Auta kaya na tarar akwatinta ba komai. Ashe duk ta rabar. Jakarta mai kyau tana hannun 'Yar Gayu tun kwana goma kafin Auta ta zo wurinki. 'Yar Gayu ta karɓa tana godiya, ba ta tambayi dalili ba. Ni ma na ga jakar a kafaɗarta, ban tambaya ba."

"Ba ku sani ba ne, Mama. Ni ma koya mini aka yi."

"A ƙasan akwatin akwai takarda da ta rubuta mini... tun kafin ke ki buɗe baki. Likitar nan ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ban yi mata gardama ba, don na san abin. Shekarar da babansu ya rasu, ni ma ya zo mini. Wata huɗu ina fama ni kaɗai. Ba wanda ya tambaye ni. Na binne abin a zuciyata, na ce ba a faɗa."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta.

"Ki yafe mini, 'yata," Mama ta ce, kuma da ni take. "Kin san abin da za ki rasa, kika tambaya."

Hawayena ya ɗiga a kan furfurarta.

"To kar ki jiƙa mini kai! Kuma zafin nan fa? Shago ba fanka?"

"Ta lalace, Mama."

"Ga mai gyara can a waje tun ɗazu yana zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. Auta, ce masa ya shigo."

Ya shigo da jakar kayan aiki, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya hau benci yana kwance fanka, sukuru ya faɗo masa har sau uku.

"Injiniya," na ce a hankali, "ka iya aikin kuwa?"

"Zuciyata, kwana tara hannuna bai yi daidai ba."

"A gabana?" in ji Mama. "Ku bari a ɗaura tukuna, marasa kunya!"

Bayan wata uku aka ɗaura.

Ba zan ce ciwon Auta ya tafi rana ɗaya ba. Ta sha magani, ta yi ta zuwa wurin Dakta, akwai ranakun da nauyin ya dawo. Amma yanzu tana faɗa. A bayan ƙofar ɗakinta akwai 'yar takarda mai sunayen mutum uku da za ta kira, kuma na farko Mama ce. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Dakta, da ta ga masu kitso ta ce mu ma muna da amfani.

Ranar auren, ina zaune ana yi mini kwalliya, Auta ta leƙo.

"Anti, 'yan kunnen nan nawa..."

"Suna jakata. Kullum da su nake yawo."

"Ki ba ni abina. Akwai bikin ƙawata wata mai zuwa, su zan sa."

Wata mai zuwa!

Na zazzage jakar gaba ɗaya a kan gado, na sa mata su da hannuna.