Injin da Baba Yake Ji

"Ina injin Baba?"

Auta ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da Dogo ya fi samun sauƙi.

Yana tsaye a gefen filin da masu tashin ƙananan jirage suke haɗuwa duk ƙarshen mako, zanen da ya yaye daga kan jirgin yana hannunsa, bakinsa har kunne. Jirgin mahaifinta ne, mai jan fiffike, wanda ya karɓa don kawai ya liƙe wata 'yar tsaga a wutsiya. Ga shi ya dawo da shi da sabon hanci. An cire tsohon injin mai, baƙi ƙirin, mai tofar da hayaƙi, an sa wani ɗan mitsitsin injin batir mai ƙyalli. An cire doguwar farfelar katako, an sa gajera ta roba mai tsananin murɗa.

"Kyauta ce, rabin raina," in ji shi. "Ba hayaƙi, ba maiƙo, ba ƙara. Yau za ki ga gudu..."

"Na ce ina injin Baba?"

To, bari in tsaya in gaya muku abin da Dogo bai sani ba, kafin ku yanke masa hukunci. Ko ku yanke, ni ban hana ku ba.

Baba tela ne, a kan keken ɗinki ya tsufa, kuma bayan 'yarsa babu abin da yake so a duniya kamar jirgin nan. Tun bara idonsa ya fara hazo. Ya roƙi Auta kar ta gaya wa kowa, don dokar filin ita ce wanda ba ya gani sosai ba ya riƙe rimot. Sai yarinyar nan ta zauna ta yi tunani. Ta bar tsohon injin a jikin jirgin saboda ƙararsa: in jirgi yana hawa muryarsa takan yi nauyi, in yana gangarowa ta yi siriri, Baba da kunne yake binsa. Ta zaɓi doguwar farfela mai kwantacciyar murɗa, wadda take ja da ƙarfi amma ba ta gudu, Baba ya sassaƙa ta da hannunsa. Hayaƙin ma da ake wa dariya, farin layi yake ja a sama, wanda ragowar idon tsohon yake iya kamawa.

Duk wannan Dogo ya kwance da sukudireba, yana murmushi.

Mutane suka taru suna yaba sabon inji. Baba ya sunkuya, ya shafa hancin jirgin da yatsu.

"Baba, mu tafi gida," Auta ta ce a hankali.

"A'a. Yaro ya yi kyauta, ai a gwada."

"Baba..."

"Miƙo rimot, Auta. Mutane suna kallo."

Jirgin ya tashi kamar an harba shi. Babu ruri, babu hayaƙi, sai wani ɗan fito da iska ta haɗiye nan take. Baba ya ɗaga fuska hagu yana nema. Jirgin kuwa yana dama, ya sunkuyo kan inda aka jera motoci, inda mata suke zaune a inuwa.

Auta ta fizge rimot daga hannun mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta. Ta karkatar da jirgin da ƙyar, ta dangwarar da shi a ciyawa.

Kowa a filin ya juyo yana kallon Baba.

Har lokacin fuskar Baba tana kallon hagu.

Shugaban filin ya matso, ya dafa kafaɗarsa. "Baba, ba ka gan shi ba ne?"

Baba ya sauke fuskarsa. Ya laluba hannun 'yarsa ya riƙe.

Dogo ya biyo su har bakin mota, duk ya rikice. "Wallahi ban sani ba. Ba ki gaya mini ba..."

"Sirrinsa ne, ba nawa ba. Ta yaya zan ba ka abin da ba nawa ba?" Idonta ya kaɗa ya yi ja. "Kai kuwa ka iya. Jirgin naka ne? Injin naka ne?"

"Taimako na yi niyya."

"Ka tambaye ni? Baki gare ka, waya gare ka, kai da gyaran waya ne ma sana'arka. Kalma ɗaya ta gagare ka. Ka ga tsohon abu mai hayaƙi a hannun mace da tsoho, ka ce ai ba su san na zamani ba ne, bari mai ilimi ya waye musu kai."

"Ba haka ba ne, masoyiyata."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ta zare zobensa ta ajiye a kan fiffiken jirgin. Jirgin ma ta bar masa.

A gida kuwa Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar uwarta, ta samu abin da take jira.

"Ba na faɗa ba? Tun ranar da ya fara zuwa ya gyara mini rediyo ba tare da na sa shi ba, na ce wannan hannunsa ya riga kansa. Rediyon da na saba da shi, sai na buga shi sau biyu yake magana, ya mayar mini da shi kamar na baƙi. Yau inji ya cire. Gobe in ya aure ki ya ga hancinki bai yi masa ba fa?"

Auta ba ta yi dariya ba. Baba ya shige ɗakin ɗinki ya tura ƙofa. Ba a jin keke, ba a jin tari. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, takalminsa na fita yana nan inda ya cire shi. Duk wucewar da Auta za ta yi ta gan shi, sai zuciyarta ta sake tafasa.

Shi kuwa Dogo shagon kayan jirage ya nufa. 'Yar mai shagon ce ta ba shi shawarar canjin, ita ta zaɓar masa injin batir da gajeriyar farfela, ita kuma ta ce ya bar mata tsohon a nan.

"Ba ni injin da na bari."

Ta ci gaba da goge gilashin teburin shagon. "Wannan gwangwanin? Masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe."

"Kin san Baba ba ya gani?"

"Tsohon da yake shafa farfela da yatsa maimakon ya karanta lambarta? Ai ko makaho ya gane." Ta yi murmushi. "Kai ne dai so ya rufe maka ido."

"Kin sani, kika bar ni na yi?"

"Na ga kana wahala ne a gidan da ba a san darajarka ba. Na ce in ta sake ka, ai ka san hanyar shagon nan."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa zan iya kauce mata."

Kun san wurin masu tsohon ƙarfe? Tsauni ne na tsatsa, da murafen tukwane, da ƙashin kekuna. Nan Dogo ya wuni yana tono, ya koma washegari, ya sake komawa, har masu wurin suka fara ce masa mai neman zinariya. A ƙarƙashin wata matacciyar fanka ya same shi. Injin yana nan. Farfelar katakon kuwa ta karye biyu.

Ya zo ƙofar gidan da yamma, rigarsa duk tsatsa, yatsunsa duk yanka. Gwaggo ta tare ƙofa da faɗinta.

"Me kuma ka zo kwancewa?"

Auta ta leƙo ta bayanta. Ta ga abin da ke hannunsa, ta ga karyayyar farfelar, sai ranta ya ƙara ɓaci.

"Ka san kwana nawa Baba ya yi yana sassaƙa ta da lalube? Ka kawo mana gawarta mu yi maka godiya?"

Sai murya ta fito daga ɗakin ɗinki, karo na farko tun ranar.

"Wane ne yake warin tsohon mai a ƙofata? Ku bar shi ya shigo."

Baba ya karɓi injin, ya shinshina, ya murza shi da yatsa. Injin ya yi ɗan tauri, sannan ya ce ɓuf.

"Da ransa," in ji Baba. Ya shafa guntayen farfelar. "Wannan kuwa ta tafi. Wanda ya jawo ta karye, shi zai sassaƙa wata. Auta, ki nuna masa."

"Ni?"

"Ke kika san lissafin."

Haka aka yi, amma kar ku ɗauka da daɗi aka yi. A tsakar gida yake zama da katako da wuƙa, ita tana tsaye a kansa hannu a ƙugu.

"Ta yi tsawo. Za ta danne injin, ya yi zafi ya mutu a sama."

Ya rage.

"Yanzu ta yi gajarta. Zai yi ta ihu ba ya jan komai, kamar wani da na sani."

"Murɗar fa?"

"Kwantar da ita. Kai a wurinka duk abin da ya fi gudu shi ya fi kyau. Ba a tambayar farfela gudun me za ta yi, sai an tambayi wa zai tuƙa."

In ya gama sai a kai wa Baba ya shafa. Ta farko ya ce cokali ne. Ta biyu ya ce a ba Gwaggo ta juya miya. Gwaggo ta karɓa kuwa, ta ce ko a nan ba ta yi ba. Wata kuma Auta ta rataye ta a kan ƙusa, ɓangare ɗaya ya rinjaya ƙasa, ta miƙa masa abarsa. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Wannan ma haushi yake ba ta, don ta tanadi maganganu da yawa ba ta samu inda za ta sauke su ba.

Ranar da Baba ya shafa wata, ya sake shafawa, ya ce "To," ranar ce Dogo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Akwai wata magana. Ana iya haɗa rimot biyu da igiyar waya, Baba yana tuƙi, ke kina riƙe da na biyun, in wani abu ya taso ki karɓa. Ina ganin shugaban fili zai yarda da haka." Ya daina murza hular. "Ban je wurinsa ba. Ban sayi waya ba. Ban taɓa komai ba. Tambaya na zo yi."

Auta ta nuna masa ɗakin ɗinki.

"Ba ni za ka tambaya ba."

Ya shiga ya durƙusa gaban keken ɗinki ya tambaya. Baba ya ce, "Da ka yi haka tun farko, da Gwaggo ba ta samu ludayi ba."

Shugaban fili ya yarda. Safiyar da suka koma, injin ya yi gardama, ya yi tari, ya tofa wa Dogo baƙin mai a gaban riga, sannan ya kama ruri har mutane suka toshe kunne. Jirgin ya gangara a ciyawa, ya ɗaga a hankali kamar ba ya so, farin hayaƙi yana binsa.

Fuskar Baba ta bi shi. Daidai inda yake.

Wayar tana lilo tsakanin uba da 'ya. Yatsun Auta suna kan nata rimot, amma ba ta motsa su ba. Hawaye ne kawai ba ta da hannun sharewa.

Da ta waiga sai ta ga Dogo a gefe, ya rufe ido gam, ya karkata kai.

"Kai dogon banza, me kake yi?"

"Ina koyo ne."

Baba ya ji su. "To ina yake yanzu?"

"Yana hawa, Baba... ta hagu."

"Ta dama ne. Amma hawan ka faɗa daidai."

Bayan jirgin ya sauka lafiya, Dogo ya sa hannu a aljihun da zoben yake ciki, ya tsaya bai fito da shi ba.

"In yi tambaya?"

"Har yanzu ina fushi," in ji Auta.

"Na sani."

"Kuma zan daɗe."

"Zan jira."

Ta share fuska da bayan hannu, ta bar layin baƙin mai a kumatu. Sannan ta miƙa masa yatsan.

Gwaggo ta ce ita dai ba da yawunta ba. Amma ranar ɗaurin auren an gan ta a kicin tana juya tukunya da farfelar nan ta biyu, kuma duk wanda ya miƙo hannu zai karɓa sai ta ce ya bari, surukinta ne ya sassaƙa mata.